Malamin Lissafi a Arewacin Nijeriya: Tarihin Sana'ar da Matsayinta a Rabon Ilimi

Daga cikin darussan da ake koyarwa a makarantun boko na Nijeriya da wuya a sami wanda ya kai lissafi tasiri a kan makomar ɗalibi, domin sakamakonsa a jarrabawar kammala sakandare shi ne yake buɗe ƙofar karatun likitanci da injiniyanci da akanta da sauran fannonin kimiyya ko ya rufe ta, kuma an daɗe jami'o'i suna neman kiredit a cikinsa, wato matakin cin jarrabawa da ya ɗara tsallakewa kawai, kafin su karɓi ɗalibi a mafi yawan fannoni. Saboda haka wanda yake son ya fahimci yadda aka raba damar ilimi tsakanin birni da ƙauye, da tsakanin maza da mata, da tsakanin Arewa da Kudu, ya wajaba ya bi sawun mutumin da yake tsayawa gaban allo yana koyar da wannan darasi, ya san inda aka horar da shi da inda aka tura shi da dalilin da yake sa ya bar aji. Tarihin wannan sana'a a Arewacin Nijeriya yana nuna cewa an sha sauya manhaja, an sha buga sababbin littattafai, an kuma ninka yawan ɗalibai, amma horar da malami da riƙe shi a aji su ne kullum ake bari a baya, kuma 'ya'yan talakawa da na karkara da 'yan mata su ne suka fi ɗanɗana kuɗar wannan sakaci.

Hisabi kafin zuwan boko

Ilimin lissafi ya daɗe a ƙasar Hausa tun kafin Turawa su zo, kuma malaman zaure, wato masu karantar da manyan littattafan addini ga waɗanda suka sauke Alƙur'ani, sun san shi da sunan hisabi. Abin da ya fi raya shi shi ne buƙatar shari'a, musamman ilimin fara'il, wanda yake bayyana kason kowane magaji a dukiyar mamaci. Kasonnin da aka ƙayyade su ne rabi da rubu'i da sumuni da sulusi biyu da sulusi da sudusi, kuma alƙali ko malamin da zai raba gado dole ne ya iya nemo adadin da duk waɗannan kasonni za su fita daga cikinsa ba tare da saura ba, abin da malamai suke kira asalin mas'ala. Idan mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, ba ta bar ɗa ko mahaifi ba, mijin yana da rabi su kuma suna da sulusi biyu, wanda idan aka kasa dukiyar shida zai ba shi uku ya ba su huɗu, jimla ta zama bakwai, ta zarce abin da ake da shi. Mafitar da fiƙihu ya bayar, wadda ake kira aulu, ita ce a kasa dukiyar bakwai domin ragin ya shafi kowa daidai gwargwadon kasonsa. Wanda ya ƙware a irin wannan aiki ya mallaki ginshiƙin lissafin kaso, ko da bai taɓa zama a kan benci ba. Haka kuma fitar da zakka, inda ake cire ɗaya bisa arba'in na kuɗi da ɗaya bisa goma na amfanin gonar da ruwan sama ya shayar, da sanin lokutan salla da manzilolin taurari da manoma suke dogara da su, duk suna buƙatar hisabi.

Shahararren malamin da ya fito daga wannan tsari shi ne Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya tafi aikin hajji a wajajen 1730, ya kuma rubuta littafinsa Bahjatul Afaƙ a farkon shekarun 1730, inda ya bayyana ƙa'idojin gina hatimi, wato murabba'i mai gidaje da ake cika su da lambobi ta yadda jimlar kowane layi, a kwance ko a tsaye ko a karkace, za ta zama ɗaya. Ya rasu a Alƙahira wajen 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin masanin tarihin Masar Abdurrahman al-Jabarti, wanda ya ambace shi a cikin littafin tarihinsa. A kasuwa kuma akwai wani lissafin na daban wanda fatake da dillalai suke gada, domin a zamanin da ake ciniki da wuri keso ɗaya yana ɗauke da wuri 20,000, kuma lokacin da matafiyi Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851 ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri kimanin 2,500.

Sai dai wannan ilimi bai game jama'a ba. Makarantun allo, waɗanda Turawan mulki suka ƙiyasta yawansu a kan kimanin 25,000 a farkon ƙarni na 20, ba su ɗauki lissafi a matsayin darasi mai zaman kansa ba, kuma ɗalibi ba ya isa ga hisabi sai ya yi nisa a karatun zaure, lissafin kasuwa kuwa sai wanda ya tashi a gidan ciniki. Malamin da aikinsa shi ne koyar da ƙananan yara lambobi a aji, bisa jadawali kuma a kan albashi, sabon abu ne da ya zo tare da boko.

Daga Nasarawa zuwa Kwalejin Katsina

A 1909 Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano, inda ake koyar da malamai da 'ya'yan sarakuna karatu da rubutun boko da lissafi da labarin ƙasa cikin harshen Hausa. Manufar ba ta wuce buƙatar mulki ba, domin a daidai wannan lokaci ne ake kafa baitulmali a masarautu irin su Katsina da Kano, ana kuma gwada tsarin taki, wato auna faɗin gona da takun ƙafa domin a yanka mata haraji, kuma duka biyun suna buƙatar malaman da za su iya riƙe littafin shiga da fita su kuma fitar da girman fili. Lissafin da aka fara koyarwa saboda haka lissafin ofis ne, kuma yana da wahalar da ɗalibin yau bai sani ba, tun da fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kwabo 12, kwabo ɗaya anini 10, sannan inci 12 ne ƙafa, ƙafa uku yadi, yadi 1,760 kuma mil ɗaya. Malami yakan kwashe watanni yana horar da yara yadda ake ɗaukar saura daga gidan kwabo zuwa na sule da goma sha biyu, daga na sule zuwa na fam da ashirin, kuma haka abin ya ci gaba har ranar 1 ga Janairu 1973 da aka koma naira da kwabo.

Matakin da ya mayar da koyarwa sana'a mai tsari shi ne kafa Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford kuma ya buɗe ta a hukumance a watan Maris 1922. Ana ɗaukar ɗalibai ƙalilan daga kowane lardi, a koya musu Turanci da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da dabarun koyarwa na tsawon shekara biyar, sannan a mayar da su lardunansu su koyar. Bayan gyaran tsarin ilimi da E. R. J. Hussey ya jagoranta a wajajen 1930 aka sami matakai biyu, elementare mai shekara huɗu wadda ake koyarwa da Hausa a yawancin larduna, da midil wadda take a hedikwatar lardi, inda Turanci yake karɓar ragama. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, kuma ita ce ta zama Kwalejin Barewa a 1971. Malaman elementare kuwa ana horar da su ne a ƙananan cibiyoyi kamar na Katsina da Bauci da Toro.

Ingancin waɗanda wannan tsari ya yaye ba abin musu ba ne, amma ƙofarsa ƙarama ce ƙwarai. Makarantar midil ɗaya ce take ɗaukar lardi guda, galibin masu shiga kuwa 'ya'yan sarauta ne da na ma'aikatan En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki, ko yaran da dagatai suka kawo domin cika umarnin hakimi. An taƙaita aikin mishan a cikin masarautun Musulmi, don haka makarantun mishan, waɗanda su ne suka yawaita malamai a Kudu, suka tsaya a kudancin Jihar Arewa da sabon gari da 'yan wurare irin su Wusasa. Ilimin 'yan mata ya makara fiye da haka, domin sai a 1930 aka buɗe cibiyoyin 'yan mata a Kano da Katsina, sai a 1939 aka kafa cibiyar horar da malamai mata a Sakkwato, kuma darussan kula da gida sun fi lissafi nauyi a manhajarsu, sakandaren gwamnati ta 'yan mata kuwa sai a 1956 aka buɗe ta Sarauniya Elizabeth a Ilori. Alƙaluman 1957 sun nuna cewa ɗaliban sakandare a duk Arewa ba su kai 4,000 ba, alhali na Kudu sun haura 28,000.

Yadda mulki ya kwashe malamai

Wani abin da ya riƙa rage ƙarfin sana'ar tun tana jaririya shi ne cewa aji ya zama matattarar da ake ɗebo shugabanni daga cikinta. Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934 kafin a naɗa shi hakimin Rabah. Abubakar Tafawa Balewa ya koyar a Midil ta Bauci har ya zama hedimasta, ya kuma yi kwas a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan daga 1945 zuwa 1946. Aliyu Makaman Bida ya shugabanci Midil ta Bida kafin ya zama ministan ilimi na Arewa a 1952, daga baya kuma ministan kuɗi. Kashim Ibrahim ya koyar a Borno, Isa Kaita a Katsina, Shehu Shagari ya koyar da kimiyya a Sakkwato ya kuma yi hedimasta a Argungu. Aminu Kano, wanda ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948 domin neman gyaran albashi da martabar malamai, ya ajiye aiki a Kwalejin Horon Malamai ta Maru a 1950 ya shiga siyasa. Arewa ta amfana da waɗannan mutane a fagen mulki, amma kowane ɗaya daga cikinsu ya bar giɓi a makarantar da ba ta da wanda zai gaje shi nan take, kuma manufar Arewantar da ma'aikata da aka bi a shekarun 1950 ta ƙara jan duk wanda ya iya lissafi zuwa baitulmali da ma'aikatu da soja, inda albashi da girma suka fi na aji.

Bayan samun 'yancin kai, rahoton kwamitin Eric Ashby na 1960 ya ba da shawarar kafa manyan kwalejojin horon malamai, aka buɗe ta Zariya a 1962, wadda take ba da takardar shaidar NCE, wato shaidar karatun shekara uku bayan sakandare da take ba mutum damar koyarwa a ƙananan azuzuwan sakandare. A wannan shekarar ce kuma aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, inda Iya Abubakar, ɗan asalin Belel ta Adamawa wanda aka haifa a 1934, ya yi karatu a kwalejin gwamnati ta Zariya da Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ya kuma sami digirin digirgir a Jami'ar Kambirij, ya zama farfesan lissafi tun yana matashi, ya jagoranci sashen, daga bisani ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978 kafin shi ma siyasa ta ɗauke shi. Domin ɗaliban Arewa masu cikakken sharaɗin shiga fannonin kimiyya sun yi ƙaranci, jami'ar a ƙarƙashin Ishaya Audu ta buɗe makarantar share fage a 1970, wadda take cike wa ɗalibai abin da sakandarensu ba ta ba su ba. Duk da haka azuzuwan lissafi na sakandaren Arewa sun daɗe a hannun baƙi: 'yan sa-kai daga Ingila da Amurka a shekarun 1960, malaman kwangila daga Indiya da Fakistan da Masar da Gana a shekarun 1970, da masu yi wa ƙasa hidima tun daga 1973. Rikicin 1966 ya kori malamai da yawa 'yan Kudu, faɗuwar darajar naira a shekarun 1980 kuma ta sallami na kwangila, aka wayi gari babu isassun 'yan ƙasa da za su maye gurbinsu.

Lissafin zamani da darasin da ya bari

A daidai lokacin da ake fama da ƙarancin malamai sai wata guguwar gyaran manhaja ta taso daga waje. Bayan da Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan'adam na farko a 1957, Amurka ta shiga sake fasalin lissafin makarantunta, kuma a 1962 aka faro wani shiri na ƙasashen Afirka masu amfani da Turanci, wanda ya tara masana daga Amurka da Ingila da Afirka a garin Entebbe na Uganda domin rubuta sababbin littattafai. Abin da suka fitar shi ne aka sani da lissafin zamani, wanda yake fara wa yaro da tunanin rukuni, wato tarin abubuwan da suka yi tarayya a wata sifa, da ƙirga a kan tushen da ba goma ba, kamar biyu ko biyar, da dalilan da suka sa ƙa'idojin tarawa da ninkawa suke aiki, maimakon haddar jadawalin sau da maimaita aiki iri ɗaya.

Daga cikin 'yan Nijeriya da suka yi fice a wannan shiri akwai Grace Alele-Williams, wadda rayuwarta ta haɗa koyarwa da shugabanci da fafutukar buɗe wa mata ƙofa. An haife ta a Warri a 1932, ta yi digirin lissafi a Ibadan, ta koyar a makarantar 'yan mata ta Ede daga 1954 zuwa 1957, ta sami digirin digirgir a fannin koyar da lissafi daga Jami'ar Shikago a 1963, ta zama farfesa a Jami'ar Legas a 1976, sannan a 1985 aka naɗa ta shugabar Jami'ar Benin, mace ta farko da ta riƙe irin wannan muƙami a Nijeriya. Ta jagoranci gwajin littattafan Entebbe a firamarorin Legas tun daga 1964, kuma ƙarfin aikinta ya tafi ne ga horar da malamai, har da manyan mata masu koyarwa a firamare waɗanda ta shirya musu kwasa-kwasan ƙarin ilimi lokacin da take shugabantar cibiyar nazarin ilimi ta Jami'ar Legas. Inda aka yi irin wannan horo shirin ya yi armashi, amma da aka faɗaɗa shi sai ya faɗa hannun malaman da su kansu ba a koya musu sabon tsarin ba, suka riƙa sa yara haddar sababbin kalmomi kamar yadda ake haddar tsofaffi, iyaye kuma suka fara kukan cewa 'ya'yansu ba su iya lissafin cefane ba. A wani taro da aka yi a Benin a Janairu 1977 kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya sanar da soke lissafin zamani a firamare, duk da ƙin amincewar masana da dama, aka kuma zauna rubuta wata manhajar. Makarantun da suka fi rauni su ne suka fi asara, domin sun rasa ƙwarewar tsohon tsari ba su kuma sami fahimtar sabon ba.

Ilimi ga kowa da makarantun kimiyya

A watan Satumba 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda aka sani da UPE, kuma shi ne yunƙuri mafi girma da aka taɓa yi na rage tazarar da ke tsakanin sassan ƙasar. An yi tanadin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kimanin miliyan uku suka bayyana, kuma zuwa 1980 ɗaliban firamare sun haura miliyan 12. Ƙauyukan Arewa da ba su taɓa ganin makaranta ba suka samu, wanda alheri ne babba, amma Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. An ɗauki waɗanda suka gama firamare da waɗanda suka faɗi jarrabawar sakandare aka yi musu horon gaggawa, wasu ma ba a yi musu ba, aka danƙa musu aji, aka kuma kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976 domin ta riƙa ɗaga iliminsu daga nesa suna bakin aiki. Lissafi ya fi kowane darasi jin jiki a wannan hali, domin gini ne da kowane mataki yake zaune a kan na ƙasa da shi, kuma yaron da bai fahimci darajar gidan lamba a aji biyu ba, wato bambancin gidan ɗaiɗai da na gomomi da na ɗaruruwa, zai kai aji shida yana kwafar rabawa daga allo ba tare da ya san abin da yake yi ba.

Jihar Kano ta bi wata hanya ta daban a matakin sakandare. A 1977 ta buɗe makarantun kimiyya na musamman a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa ƙarƙashin hukuma mai cin gashin kanta, a 1981 kuma ta ƙara ta 'yan mata a Taura. Ana zaɓo ɗalibai da jarrabawa daga sauran makarantun jihar, a ajiye su a makarantar kwana, a tanadar musu ɗakunan gwaje-gwaje da ƙwararrun malamai, kuma da yawa daga cikin likitoci da injiniyoyin Kano da Jigawa na yau daga nan suka fito, cikinsu har da 'ya'yan manoma da ba don wannan tsari ba da ba su kai jami'a ba. Wannan ya tabbatar da cewa ɗan Arewa ba shi da wata naƙasa a lissafi idan ya sami malami da shugabanci nagari. Amma tsarin ya bar tambayar da masu suka suka yi tun farko, cewa tattara malamai da kayan aiki a makarantu ƙalilan yana ceto ɗaruruwa ne ya bar dubbai, kuma yaron da firamarensa ba ta da malamin lissafi ba zai ma ci jarrabawar zaɓen ba.

Hedimasta, harshe da halin da ake ciki

Kashin bayan firamaren Arewa na shekaru da dama shi ne malami mai takardar daraja ta biyu, wanda ya shafe shekara biyar a kwalejin horon malamai irin ta Wudil ko Maru ko Toro ko Katsina, yana koyon darussan firamare da yadda ake koyar da su, yana kuma fita gwajin koyarwa a gaban masu duba shi. A ƙarƙashin wannan tsari hedimasta malami ne da ya daɗe a aji, yana duba littafin shirin darasi na kowane malami ya sa hannu, yana shiga aji ya saurara, sufeto kuma yana zuwa ya duba shi. Da manufar ilimi ta ƙasa ta mayar da NCE mafi ƙanƙantar shaidar koyarwa, aka riƙa rufe waɗannan kwalejoji ko a mayar da su sakandare daga ƙarshen shekarun 1980, takardar malami ta ƙaru amma horon aji ya ragu, kwalejojin ilimi kuma suka zama mafakar waɗanda ba su sami jami'a ba, sau da yawa saboda sun faɗi lissafin da za su je su koyar. Ɗaukar malamai da naɗin shugabannin makarantu suka koma hannun ƙananan hukumomi da 'yan siyasa, albashi ya riƙa makara, hedimasta kuma ya rasa ikon tsawata wa malamin da wani babba ya kawo.

An yi ƙoƙarin gyara ta fuskoki da dama. A zamanin da Jibril Aminu yake ministan ilimi aka kafa Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Abuja, wadda James Ezeilo ya fara shugabanta, da hukumar ilimin makiyaya a 1989, a 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato, a 2006 kuma aka fara wani shirin sake horar da malaman lissafi da kimiyya na firamare tare da hukumar raya ƙasashe ta Japan a jihohin Kaduna da Neja da Filato. Amma girman matsalar ya fito fili a 2017, lokacin da gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji a kan tambayoyin matakin aji huɗu, ta sanar da cewa 21,780 ba su sami maki 75 cikin ɗari ba, ta kuma sallame su, ƙungiyar malamai ta ƙi amincewa da yadda aka gudanar da gwajin ta shiga yajin aiki. Ko wane ɓangare mutum ya goyi baya, waɗannan malamai 'ya'yan azuzuwan da aka cika ba tare da shiri ba ne, kuma hukumomi ne suka ba su takardu suka kuma ɗauke su aiki.

Batun harshe ma yana nan bai warware ba. Manufar ilimi ta 1977 ta tanadi a koyar da ƙananan azuzuwa da harshen uwa ko na yankin, kuma gwajin da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da darussan firamare, har da lissafi, cikin Yarabanci, ya nuna cewa yaran ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba, sau da yawa ma sun fi su. Jamhuriyar Nijar ta buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973 bisa irin wannan tunani. Duk da haka littattafan lissafi da jarrabawa a Arewacin Nijeriya sun ci gaba da zuwa da Turanci, malami yana fassarawa a tsaye gwargwadon iyawarsa, yarinyar da take tallar ƙosai tana ba da canji ba kuskure kuma a rubuta ta cikin waɗanda ba su iya ɗebewa ba.

Abin da shekaru fiye da ɗari na wannan sana'a suka tabbatar shi ne cewa adalci a ilimi ba ya samuwa da buɗe ƙofar makaranta kaɗai, ko da sauya manhaja, ko da ware 'yan ƙalilan masu hazaƙa, ko da yake kowanne daga cikin waɗannan ya kawo nasa amfanin. Duk lokacin da aka sami nasara, a Katsina ta shekarun 1920 ko a gwajin Legas ko a Dawakin Tofa, abubuwa uku ne suka haɗu: malamin da ya san darasinsa aka kuma horar da shi a aji, da shugaban makaranta mai ilimi da ikon duba aiki, da albashi da martabar da za su hana su tafiya. Aikin da ya rage wa jihohin Arewa shi ne su kai waɗannan abubuwa uku firamaren ƙauye da makarantar 'yan mata da ta rugar makiyaya, ta hanyar zaɓen masu shiga kwalejojin ilimi da kyau, da horar da malamai mata daga cikin garuruwan da za su koyar, da ba wanda ya yarda ya zauna a karkara ƙarin alawus da gida, da naɗa hedimasta bisa cancanta, da buga littattafan ƙananan azuzuwa da harshen da yaro yake tunani da shi. Ma'aunin da ya dace a riƙa auna kowace gwamnati da shi a wannan fage shi ne yawan yaran aji huɗu na makarantunta mafi nisa da birni da suka iya tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa da fahimta, domin daga cikinsu ne za a sami malaman da za su koyar da na bayansu.